Soket ɗin Abang Rosdi

Tun da aka ɗaura mana aure da Abang Rosdi ban taɓa jin ya ce bai iya wani abu ba. In fanka ta tsaya, ya iya. In kyanwar maƙwabta ta ƙi cin abinci, ya san ciwonta. Ni kuwa ba mai yawan magana ba ce, karatuna ma bai yi nisa ba na koma taya innata suyar ayaba a bakin hanya, saboda haka in ya faɗi magana sai in ce to. Shi a wurinsa "to" ɗin nan yarda ce. Wani lokacin kam yarda ce.

Ranar da ya kawo motar ma to na ce. Tsohuwar ƙaramar bas ce da a da take raba burodi a kantuna, har yanzu in rana ta bugi gefenta ana hango hoton burodin a ƙarƙashin fenti. Ya shimfiɗa katifa a baya, ya kafa kantar girki da kusoshi, ya rataya labule, ya ɗaura tankin ruwa, ya ce daga yau kada wanda ya ƙara ce mata mota, gida ce mai tafiya irin wanda manya ke zuwa bakin teku da shi. Maƙwabcinmu Pak Samad ya leƙa ciki ya leƙa waje, ya ce gidan dai ya gani, tafiyar ce bai gani ba tukuna. Gaskiya ya faɗa, don tun da aka kawo ta tana nan a gangaren ƙofar gidanmu a garin Rawang da bulo a bayan taya, birkin hannunta ba ya kamawa.

Ana nan sai Mak, mahaifiyar Abang, ta kira daga ƙauye a kan bikin autarta Hasliza. Ta ce a ba ni wayar. Ta ce bana ni zan yi pulut kuning, shinkafar nan mai danƙo da ake dafawa da gangamau da madarar kwakwa, wadda ake ajiyewa a gaban amarya da ango su ciyar da juna kowa yana kallo. Duk bikin da aka yi a gidan ita take yin ta da hannunta. Ta ce tana son ta ga hannuna.

Ni na san abin da maganar take nufi. Sallar da ta wuce, wadda ita ce zuwana na farko gidan Mak, wanke-wanke aka ba ni a bayan gida, kuma da aka zo duba hoton da aka ɗauka babu wanda ya lura ba na ciki. In shinkafar nan ta yi kyau, na shiga gidan. In ta lalace, ni da kwanukan bayan gida har tsufa.

Niyyata in hau bas tun ana gobe biki, in dafa ta a madafar Mak a natse. Ban kai ga buɗe baki ba Abang ya karɓe wayar. Ya ce wa Mak kada ta ɓata murhu ko ɗaya saboda mu, a cikin gidansa mai tafiya za a dafa shinkafar, a kan babbar hanya, mu iso da ita tana tururi. Ya ce abin da ya rage kawai soket ne, kuma sa soket a wurinsa kamar ɗaura maɓalli ne. Mak ta ce ita dai ta ga shinkafa kafin ango ya zauna.

Da ya kashe wayar na ce, "Abang, ko dai in hau bas ɗin?"

"Yati, mota a ƙofar gida, ki hau bas? Ki bar duniya ta yi mini dariya?"

Na ce to.

Washegari ya dawo da soket, da ƙullin waya, da salatif, da wata tukunyar lantarki irin ta direbobin tirela mai aiki da batirin mota. Pak Samad ya fito da kujerarsa da kofin shayinsa ya zauna a bakin shinge, ya ce akwai ɗan rewaya a bayan kasuwa, me zai hana a kai masa. Abang ya ce shi ma ɗan rewayan hannu biyu gare shi kamar kowa. Ya ce ya kalli yadda ake yi a waya. Ina gefensa lokacin da yake kallon. Farkon duk gargaɗi ne, a cire kan batir, a sa fiyus, a auna kaurin waya, sai ya tura gaba, ya ce wannan na matsorata ne.

Hudar farko da ya yi a bangon motar ta faɗa kan tiyon tankin ruwa. Katifa ta sha ta ƙoshi. Huda ta biyu ta zarce ta ɓulla waje, har Mak Cik Jah, matar Pak Samad, ta kafa ido a ramin daga titi ta gaishe ni, ta tambaye ni ya aiki. Abang ya ce da gangan ya yi, don iska. A huda ta uku soket ya zauna, a ɗan karkace, kamar mai sauraren gulma.

Sai maganar waya. Batirin yana can gaba, wayar da ya sayo kuwa da ido ya auna ta, ba ta kai ko rabin hanya ba. Bai damu ba. Ya ɓamɓare wani allo a baya, ya tarar da wayoyi kala-kala a ɗaure kamar taliya, ya ce ga wuta nan ta zo da kanta, wuta ai duk wuta ce. Ya feɗe guda ya haɗa. Tukunya ba ta ce komai ba. Da ya shiga gaba yana laluben maɓallai, sai ga jar fitilar tukunyar tana kamawa tana ɗaukewa, tana kamawa tana ɗaukewa. Ashe wayar sigina ya kama, ta hagu.

Pak Samad ya ce ba laifi, sai dai mu nemi shataletale mu yi ta zagayawa har ta nuna. Mak Cik Jah ta ce ita tsoronta kada gefen hagu ya nuna ya bar na dama. Abang ya ce masu kallo ba su taɓa gina komai ba. Pak Samad ya ce haka ne, amma ba su taɓa huda tanki ba.

Ya sake feɗe wata wayar ya haɗa. Shiru. Rana ta yi zafi, ya ce bari ya matsar da motar inuwa ya ci gaba. Ya sa na janye bulo, ya tada inji, ya danne birki da ƙafa saboda gangaren. Na leƙa ta ramin iska, sai na ga jar fitila a kunne, tsaye cak, ba ta ƙyaftawa. Na gaya masa. Ya leƙo da kansa ta taga ya tambayi Pak Samad ko yana da sauran magana. Pak Samad ya kurɓi shayinsa. Da Abang ya sauko na ga fitilar ta mutu, na faɗa masa a hankali. Ya ce ai ya kashe inji ne. Na ce to.

Ranar bikin muka fito bayan sallar asuba. Na jiƙa shinkafata tun jiya da gangamau, ta yi rawaya mai kyau. Na matse kwakwa da hannuna, na zuba gishiri daidai, na ƙulla ganyen ƙamshi na ɗora a kai, na rufe. Abang ya ɗaure tukunyar a kan kantar da robar tayar keke. Ita kuma motar ya yi mata kwalliya, furannin roba a goshi, ƙyallaye masu sheƙi tun daga madubi har ƙofar baya, wai bikin ƙanwarsa ne, kuma yana da niyyar ara wa amarya da ango su je bakin teku. Ya sa sabbin kayansa masu ruwan madara da hularsa baƙa. Pak Samad ya janye mana bulo, ya miƙa mini ta taga, ya ce in riƙe, bulon ne abu mafi lafiya a motar.

A cikin gari komai ya tafi daidai. Ina waiwayawa ina ganin fitilar, ta kama, ta ɗauke, ta sake kamawa. Da muka hau babbar hanyar kudu sai ta ɗauke gaba ɗaya. Muka yi tafiya mai nisa ba ta dawo ba. Wata mota ta shigo gabanmu, Abang ya taka birki, ta kama. Ya saki, ta mutu. Na jira ya sake faruwa don kada in yi masa ƙarya, sannan na ce, "Abang, kamar sai ka taka birki take dahuwa."

Ya taka, ya dubi madubi. Ya saki, ya dubi madubi. Sannan ya ce dama haka ya tsara ta, don kada a yi ɓarnar wuta. Na ce to, amma hanyar nan miƙaƙƙiya ce har jihar Johor, ba wurin taka birki. Ya ce wa ya ce sai da dalili ake taka birki? Ya ɗora ƙafar hagu a kan birki, ta dama a kan totur, muka ci gaba.

Motar ta fara gurnani kamar ana jan saniya zuwa mahauta. Babura suna wuce mu. Wata tirela mai ɗauke da kaji ta maƙale a bayanmu, direban yana ta kunna fitila. Ni dai idona na kan tukunya, ta fara ɗumi. Can sai na ji ƙauri. Wallahi har na ji daɗi, na ce ko ƙasan ya kama ai alamar wuta na aiki ce. Ashe ba daga tukunya yake ba. Hayaƙi ne ke fitowa daga tayoyi.

Da ƙyar muka gangara wurin hutawar matafiya. Masu sayar da abinci suka fito da bokitai suna watsa wa tayoyin ruwa, suna cuuu. Direban kajin ya tsaya a bayanmu ya sauko, wani ƙato da tawul a wuya. Ya tambayi Abang ko gawa ya ɗauko da yake tafiya haka. Abang ya gyara hularsa ya ce girki muke yi. Ya buɗe masa ƙofar baya ya nuna masa soket, ya yi masa bayani dalla-dalla kamar mai shirin sayar masa. Mutumin ya daɗe yana kallon tukunyar. Ya ce shi ya tsufa a kan hanya, ya ga masu dafa abinci da gas, ya ga masu gasa kifi a kan inji, amma yau ya fara ganin mai girki da ƙafa.

Ni ban tsaya jin sauran ba. Na buɗe murfi na taɓa. Shinkafar ba ɗanya ba, ba dafaffiya ba, ta yi ɗumi irin na goshin mai zazzaɓi. Duk wadda ta taɓa girki da madarar kwakwa ta san ba a barin ta a haka, tsami take yi. Na ja Abang gefe na ce ko in roƙi matan nan su ara mini wuta, yanzu-yanzu in gama. Ya ce ya riga ya gaya wa ƙauye guda a mota za a dafa ta, da wane ido zai kalli yayyensa? Ya ce matsalar ƙarama ce, wayar baya ce ba ta da ƙarfi, wayoyin ƙarfi a gaba suke.

Ya cire rigarsa ya ba ni na riƙe, ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje. Ya tsinke wayar fitilar da ke kan katifa ya yi ƙari da ita. Wani abu ya yi tas, ya ce fiyus ne, bai da haƙuri. Ya karɓi takardar gwangwanin kwalin taba a wurin direban kaji ya naɗe fiyus ɗin ya mayar. Direban ya ba shi, ya ja da baya taku da yawa. Abang ya tashi ya zauna, ya tada inji, ya ce in duba.

Babu fitila. Ya kunna wannan, ya murɗa wancan, babu. Haushi ya kama shi ya naushi tsakiyar sitiyari. Hon ya yi kuka, jar fitila ta kama.

Ya sake dannawa, a hankali wannan karon. Ta kama. Ya saki, ta mutu. Direban kaji ya nemi bakin dakali ya zauna, ya rufe fuskarsa da tawul, kafaɗunsa suna rawa. Wata tsohuwa mai sayar da shayi ta dafa ni ta ce, "'Yata, mijinki ne?" Na ce eh. Ta ce Allah ya ba ni lada.

Abang ya karɓi rigarsa ya sa. Ya ce a gaskiya wannan ya fi, don birki yana rage gudu, hon kuwa ba ya rage komai.

Haka muka koma kan hanya, hannunsa ɗaya a kan hon. Abin mamaki, sai motoci suka riƙa ba mu hanya. Wasu suna leƙo mu da fuskar tausayi. Wata mata a motar da muka jera da ita ta dube ni ta ɗaga hannu biyu tana addu'a, ta nuna cikinta ta nuna ni. Na sunkuyar da kai har haɓata ta taɓa ƙirji. Abang kuwa ya sake, yana ta magana, ba na jin komai sai bakinsa da nake gani yana motsi. In hannunsa ya gaji ya ɗaga, fitila ta mutu, sai in dube shi, ya mayar.

Hon ɗin da muryar bijimi ya fara. Kafin mu sauka daga babbar hanya ya koma ta akuya. Da muka shiga hanyar ƙauye, tsakanin gonakin kwakwar manja da magudanar ruwa, ya zama wani abu tsakanin agwagwa da jariri. Hanyar mota ɗaya take ɗauka, birkinmu kuma tun da ya ƙone ba ya kamawa sosai, dole Abang ya riƙa tafiya kamar mai bin jana'iza. Motoci suka taru a bayanmu. Da suka gaji suka fara danna nasu hon ɗin don mu matsa. Samari masu babura da ke zaune a wata rumfar shayi suka ga furanni da ƙyallaye da jerin motoci ana ta hon, suka hau baburansu suka shiga gaba suna yi mana rakiya, su ma suna dannawa.

A daidai nan na ga tururi ya fara fita ta gefen murfi, siriri. Ƙamshin kwakwa da ganye ya iso gaba. Saura kaɗan.

A daidai nan kuma Abang ya fara ganin fuskokin da ya sani. Ga tsohon malaminsa na allo a kan keke ya tsaya yana kallo. Ga masallacin da aka yi masa saukar karatu. Ga matan unguwa a ƙofar gidajensu da hannu a kunne. Na ga gumi yana bin wuyansa. Da muka zo daidai maƙabartar da mahaifinsa yake, sai ya ɗaga hannu. Fitila ta mutu. Tururin ya fara lanƙwashewa.

Ni da ko sallama sai an ce in maimaita. Ni da in na shiga kanti aka manta da ni sai in fito ban sayi komai ba. Ban san lokacin da na miƙa hannu na danne hon ɗin da tafina ba.

Ya matso da bakinsa kunnena. "Yati, mutane na kallo."

"Saura kaɗan, Abang."

"Ɗan saki mu wuce gidan liman."

"Kai dai riƙe sitiyari."

Bai taɓa jin irin wannan daga bakina ba. Ya riƙe sitiyari.

Abin da ya faru a gidan biki daga baya aka ba ni labari. Da suka jiyo hon daga nesa, ga babura, ga mota mai furanni a gaba, sai aka ce ango ya iso tun kafin lokaci. Aka fizgo Hasliza daga hannun mai kwalliya, gira ɗaya an ja, ɗaya ba a ja ba, aka ɗora ta a kan karaga. Masu bandiri suka ajiye faranti da loma a baki suka ruga bakin hanya. 'Yan mata suka ɗauko sandunan ado masu ƙyalƙyali. Tok Ayub, ƙanin kakan Abang, wanda shi ke yin wasan silat, rawar faɗa ta gargajiya, na tarbar ango a duk bikin ƙauyen, ya ɗaura ɗamararsa a guje.

Abin da na gani da idona shi ne, mun shawo kwana sai ga jama'a reras a hagu da dama, bandiri na tashi, ana watsa wa gilashinmu shinkafar tarba da furanni. Wani ya buɗe laima ya tsaya a ƙofar mota yana jiran ango ya fito. Abang ya tsayar da motar da taimakon wata bishiyar ayaba. Ni ban saki ba. Tukunya ba ta yi ƙas ɗin da take yi in ta gama dahuwa ba.

Tok Ayub, da idonsa ba ya gani sosai, ya zo gaban mota ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya miƙe ya fara taka rawarsa, yana murɗa hannu yana shawagi da ƙafa ɗaya. Masu bandiri da suka ga hon ba zai yi shiru ba sai suka daidaita kiɗansu da shi. Abang ya buɗe ƙofa ya fito a ƙarƙashin laimar. Bandirin ya riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Tok Ayub ya matso har hancinsa ya kusa taɓa na Abang, ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

Na ga Abang yana ɗaga hannu yana bayani. An ce cewa ya yi haka ake yi yanzu a birni, yayan amarya ke fara zuwa ya gwada masu tarba. Babban yayansa ya ce masa wani abu da aka ƙi maimaita mini.

Sai jama'a suka dare, ga Mak. Ta zo tagata ta tsaya. Bakinta ya motsa. Ban ji ba, amma na san cewa take in saki. Na yi shekara guda ina tsoron idon matar nan. Na girgiza kai, na nuna mata baya da ɗaya hannun.

Ta zagaya ta buɗe ƙofar baya. Ina kallonta ta madubi. Ta dubi tukunya, ta dubi soket, ta bi wayar da ido tun daga kan kantar, ta kan katifa, har ƙarƙashin sitiyari, har tafin hannuna. Ta ɗaga murfi ta tsinci ƙwaya ɗaya ta murje, ta mayar da murfi da sauri. Ta dawo tagata ta sa bakinta a kunnena.

"Kada ki saki."

Ta juya ta ɗaga wa jama'a hannu, kowa ya tsaya a inda yake. Haka biki guda ya tsaya a rana, liman da hannu a kunne, amarya a kan karaga da gira ɗaya, ana jiran shinkafa. Hannuna ya gaji. Mak ta lura. Ta kamo Abang ta hannun riga daga ƙarƙashin laima, ta tura shi kujerar direba, ta ɗauki hannunsa ta ɗora a kan hon kamar mai koya wa yaro cin abinci, ta nuna masa jama'a, ta nuna masa gilashi, wato ya ɗaga kai ya kalle su. Ya kalle su. Su ma suka kalle shi. Wasu sun fito da wayoyinsu.

Ni na koma baya na durƙusa a gaban tukunya. Ban taɓa jin ƙaramin sauti mai daɗin wannan ba, ko da yake ban ji shi ba, gani na yi: maɓallin ya yi tsalle, jar fitila ta koma ruwan lemo.

Na ɗaga wa Mak kai. Ta taɓa kafaɗar Abang. Ya ɗaga hannu. Hon bai daina ba.

Ya dudduƙa shi, ya ja, ya murɗa. Agwagwar tana nan tana kuka. Sai hayaƙi ya fara fita ta soket, baƙi, mai warin roba, bakin labule ya fara murtukewa. Mak ta tsinke robar keke ta sunkuto tukunyar ta danƙa mini, ta tura ni waje, sannan ta ce a kawo ruwa. Abin da ya fi kusa shi ne babbar robar jan lemon biki. Maza biyu suka ɗauko ta suka sheƙa ta ƙofar gefe, daidai lokacin da Abang ya rarrafo baya don ya ceci soket ɗinsa. Wutar ta mutu. Kayansa masu ruwan madara suka koma na yanka.

Aka ce a cire kan batir. Abang ya ce yana ƙarƙashin kujera. Aka je ɗaga kujera, ashe a kanta ya kafe ƙafar kantar da kusoshi. Ƙarshe dai maza suka taru suka tura motar bayan gida, can wajen garken awaki, tana kuka, awakin suna amsa mata.

Ana cikin haka ango na gaskiya ya iso a ƙafa da danginsa, tsaf-tsaf, babu wanda ya tare su. Mahaifiyarsa ta tambayi wata mata ko rasuwa aka yi. Sai da aka mayar da su bakin hanya aka sake tarbar daga farko, masu bandiri da tafin hannu a kumbure, Tok Ayub yana ɗingishi. Abang yana tsaye a bayan rumfa an yafa masa zanen wani, ina jiyo shi yana gaya wa dangin ango cewa a duk ƙasar nan shi ya fara dafa shinkafa da hon, gyara kaɗan ya rage.

Ni ina madafa. Na juye shinkafar a faranti, na shafa wa ganyen ayaba mai na daddanna ta, ta tashi tsaf, rawaya, tana sheƙi, ƙwaya ba ta rabu da ƙwaya ba kuma ba ta caɓe ba. Madafar cike take da mata, matan yayyen Abang, da gwaggonni, da maƙwabta, kowa tana aikinta tana satar kallona. Mak ta shigo. Ta gutsuri gefen da za a rufe da ƙwai, ta sa a baki, ta daɗe tana taunawa. Sannan ta matso kusa da ni, ta kare bakinta da hannu kamar mai raɗa. Sai dai ta daɗe tsaye a gaban hon ɗin nan, kunnenta bai dawo ba, ba ta san ƙarfin muryarta ba.

"Ta fi tawa daɗi," in ji ta, har tukwane suna amsawa. "Amma kada ki gaya wa kowa."

Wuƙaƙe suka tsaya a kan albasa. Babu wadda ta ɗaga kai.

Na ce to.